Wanda Bai Yi Kuka Ba

Ina ɗan shekara tara kura ta cinye mana awaki biyu, Baba ya ce dole a samo kare. Bayan la'asar ya ja ni wurin wani makiyayi a bakin tur'a, babbar magudanar ruwan noma, hanyar Abu Na'ama, inda karya ta haifi biyar. Bai san na kwana goma ina satar kisra, gurasarmu ta dawa, ina kai wa ɗayansu ba, wani ja siriri, irin salugi, karen farauta. Makiyayin kuwa ya riga ya faɗa, wanda ba a ɗauka ba yau ruwa zai tafi da shi.

Baba yana da alwala, bai yarda su lashe shi ba. Yatsu biyu ya sa, yana ɗaga kowanne ta fatar wuya. Nawa yana ganina ya kama tsuwa yana kaɗa wutsiya. Baba ya sake shi ƙasa, ya ɗaga wani baƙi mai ƙaton kai. Ko motsi bai yi ba.

"Wanga za mu ɗauka."

"Baba, jan ya fi gudu," na ce.

Ya dube ni. "Ya walad, gidana ba ya ciyar da mai kuka. Halas, magana ta ƙare."

Na haɗiye nawa kukan. Ni na rungumo baƙin, jan yana bin mu har makiyayin ya tare shi da ƙafa.

Da kura ta dawo, baƙin nan ko haushi bai yi ba. Ni ma ranar da muka binne Baba na tsaya bakin kabari ina jiran hawaye, ko ɗigo bai zo ba.