Dabarar Kashi na Tara

Saura daƙiƙa goma a tashi wasan ƙarshe, sun fi mu da maki ɗaya, ƙwallo kuma na hannuna. Wanda ya tare ni Dogo ne, aminina, kyaftin ɗin abokan karawarmu. A filin ƙwallon kwando kaɗai muke raba gari. Kowace Asabar da rana a falonsu muke kallon wani katun, fim ɗin zane na 'yan ƙwallon kwando, kan kujera ɗaya.

Na shafi kunnena, na ja baya taku biyu, yadda jarumin katun ɗin yake yi. Dogo ya yi murmushi.

"Haba malam, dabarar kashi na tara za ka yi min? Tare fa muka kalla. Daga nan sai harbi."

"To tare mana."

Na ɗaga ƙwallo, Dogo ya yi sama kamar zai taɓo rufi. Ni kuwa ƙafata ko motsi. Na tura ta ƙarƙashinsa zuwa ga Gajere, ɗan wasanmu da kowa ya raina. Gajere ya zura, aka busa usur, kofi ya zama namu.

Ana cikin ihu Dogo ya riƙo rigata yana haki.

"Ka ci amana. Ba haka aka yi a katun ba."

"Haka aka yi. Da jarumin ya ɗaga ƙwallo, sai aka tafi tuna yarintarsa na minti goma. Da aka dawo, abokinsa ya miƙa wa."

"Yaushe?"

"Lokacin da kake munshari a kafaɗata. Har hannuna ya sage, amma na ce ai ba a tashin aboki."