Abincin Sojan Sahara

Gwangwanin kifin sojan Faransa shida, biskit ɗin sojan Birtaniya, cukun sojan Jamus. Su ne a bayan motata, duk abin da na tara a shekara uku a garin Greensboro, inda muke zaune. A garin Summerfield na miƙa su ga Dale, abokina a sha'awar tara abincin sojoji, ya ba ni gwangwani ɗaya mai murfi, babu rubutu.

"Na sojan Sahara ne," in ji shi. "Ba a samunsa."

A gida na buɗe shi a gaban matata Rakiya, na ɗanɗana, na lumshe ido.

"Zo ki koyi girki wurin sojoji," na ce mata.

Ta shinshina. "Malam, dambun naman da ka raina ranar Sallah ne. Matar Dale na kai wa."

Ta rufe ƙofar kicin. "Daga yau sojojin su ciyar da kai."