Ɗakin da Ya Ƙi Yin Zafi

"Ƙara lanƙwasawa, ya ammi," wato baffa, in ji Rakan, mai koyar da motsa jikin yoga a unguwar Zahir ta Makka, yana rawar ɗari.

Sadisu ya lanƙwasa, bayansa ya ƙi. Ciwon bayan nan ne ya sa 'yarsa ta turo shi, yau ne zuwansa na farko.

Rakan ya tsayar da darasi. "Ku yi haƙuri, jama'a. Wannan yogar zafi ce, sai an yi gumi jiki ke saki. Wa ya taɓa mana mukayyif?"

Sadisu, wanda ya shekara ashirin yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Makka kuma bai iya tambaya ba, ya ɗaga hannu a hankali.

"Na riga kowa zuwa, na tarar yana hura zafi. Na gyara muku, fisabilillahi."