Jan Ruwa a Gefen Zanen Iya

Mu huɗu ne rannan: ni, kakata Iya Hajo, ƙanwata Rabi da yunwa ta kwantar, sai sojan da ke gadin shingen kaktus, wani tsiro mai ƙaya da jajayen 'ya'ya, na wani babban gida a Filinge. Shekarar fari ce.

Iya ta kakkaɓo 'ya'yan da sanda, ta mirgina su cikin rairai don ƙananan ƙayoyin su zube.

Sojan ya ce, "Ke tsohuwa, an hana!"

Ko kallonshi ba ta yi ba. Ta ce, "Yaro, ƙayar ma ba ta hana ni ba, balle kai."

Ta ɓare su, ta matse a gefen zanenta. Jan ruwan ya ɗiga bakin Rabi, ta haɗiye. Har gobe ban ga laifinmu ba.

Da safe na ɗauki ƙwarya babba, na koma ni kaɗai.