Tafiyar da Aka Fara a Ƙofar Gida

Akwai wani mai gyaran injin niƙa da ke bin ƙauyukan daji, inda ko turken wutar lantarki ba a taɓa kafawa ba. Da 'ya'yansa suka girma kowa ya kama gabansa, sai gida ya rage daga shi sai matarsa, ita kuwa tana da ciwon sukari, kullum sai an yi mata allura. Likita ya ja musu kunne cewa ruwan allurar nan ba ya son zafi, in ya lalace kuma ido ba ya ganewa, sai dai jiki ya faɗa. To ya bar ta ita kaɗai? Wa zai ji in ta faɗi? Sai ya samo wani ɗan ɗakin ƙarfe mai taya biyu da ake ja da mota, ya sa katifa da ƙaramin firji, ya ce ƙafarsa ƙafarta. A kasuwa aka nuna masa janareta ƙato, mai ruri kamar injin da yake gyarawa. Ya tsaya ya dube shi, ya tuna cewa a inda za shi fetur ya fi nama wuya, ya wuce. Farantin sola ya ɗauka, da batir.

Ga abin da ke burge ni da mutumin nan: bai tafi ba. Ya ja ɗakin ƙarfen ya ajiye ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, ya kulle gida, suka tare a ɗakin ƙarfen shi da matarsa kamar suna tsakiyar daji. Allurar ya kai wa mai kemis ajiya, kullum su je can a yi mata, a madadinta ya sa ƙwaryar madara a firjin. Maƙwabta suka samu abin dariya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga murya: "Matafiya, kun sauka lafiya? Yaya hanya?" Shi dai ya amsa da lafiya lau. Ba a daɗe ba madara ta yi tsami. Ya duba waya, lafiya. Ya duba batir, wayam. Sai da ya ɗaga kai ya ga ganye sannan ya gane. Kowa a ƙasar nan in ya tsaya da mota inuwa yake nema, ba sai an gaya masa ba, shi ma hakan ya yi, alhali farantin yana ɗaure a kan rufi, shi kuwa rana ce abincinsa. Ya ja ɗakin cikin rana, batir ya cika, amma matarsa ta kusa suma don zafi. Ita ce ma ta ce, "Malam, ni da abin nan ba za mu zauna wuri ɗaya ba. Ka raba mu." Ya kwance farantin daga rufi, ya ɗaura masa doguwar waya, ɗaki a inuwa, faranti can fili kamar shanyar barkono. Ya sake sa madara. Ta zauna lafiya har ranar da hadari ya rufe gari ya ƙi tafiya, sai ta sake tsami. A nan ya koma kasuwa ya sayi janareta, amma ɗan ƙarami, wanda mace ma za ta ɗauka da hannu ɗaya, mai lasar fetur kamar kyanwa. Sai da madara ta ƙetare rana ta ƙetare hadari ba ta canja ba, sannan ya je ya karɓo allurar.

Allah da ikonsa, tafiyarsu ta faɗo cikin marka. Suna wani ƙauye bayan rafi ruwa ya cika, ya share hanyar da suka bi suka shigo. Ba gaba, ba baya, ba kemis, ba asibiti, fetur kuma sai ɗan abin da ke cikin jarka. Mutumin nan kullum ya idar da sallar asuba, sai ya buɗe firjin, ya taɓa kwalbar allurar da bayan yatsa. Amma babu abin da ya same su a dajin da bai riga ya same su a ƙofar gida ba. In sama ta haɗe, ya ta da ɗan janaretan, batir ya ɗan sha, ya kashe. Rana na leƙowa, matarsa ta ja farantin ta bi ta da shi, daga gefen rumbu zuwa bakin gona, har matan ƙauyen suka riƙa ƙwala mata kira, "Baƙuwa, ga ta can ta fito wajen tsamiya!" Ranar da ruwa ya janye suka haye, jarka ta kusa ƙafewa, kwalbar kuwa da sanyinta, matar nan kuma da ƙafarta ta sauko ta buɗe ƙofar gidanta. Maƙwabcin da ya fi kowa tsokana ya zo yi musu barka. Wannan karon da ya ce yaya hanya, da gaske yake tambaya.

Da a daji madarar farko ta yi tsami, ai ba madara ba ce, rai ne. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.