Bindigar Matar Sabitu

Sakinatu na zuba wa Sabitu direba shinkafa da wake, sai ya ce, "Ƙaramar bindiga zan saya wa matata, saboda tafiye-tafiyena. Mai araha, wadda ba ta fizgar hannu."

"Yaushe ka yi aure?" ta tambaya ba ta ɗago ba.

"Tukuna. Miƙo hannunki in gwada."

"Bindiga a Zangon Lome? Jandarmomi su yi awon gaba da kai, ka bar ni da wa? Taɓaryata ta ishe ni."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta rufe fuska da gyale.

"To, kuɗin bindiga ya koma na goro," in ji Sabitu yana murmushi. "Jibi kawuna zai ga babanki."

Ta ƙara masa nama biyu.