Takardun Ranar Asabar

Malam Mahdi ya riƙe takardar da yatsu biyu, kamar wanda ya tsamo ta daga kwata.

"Dala ɗari biyar cikin kwana uku," ya karanta, ya yi tsaki. "Ba adireshi, ba sunan ko mutum ɗaya. Lukuman, wannan ko akuya ba za ta ci ba."

Lukuman, mijin 'yarsa Fiddausi, yana durƙushe a bakin tabarma. Ya ce, "Allah Ya ƙara girma, Baba," ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Kayan waya yake sayarwa a kasuwar Taminus ta Jos, kuma ya ce yana neman abin da zai ƙara masa kuɗin shiga ta intanet, amma ba zai sayi komai ba sai Baba ya duba.

Wannan ladabi ya yi wa Malam daɗi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sufeton ƙungiyoyin gama-kai, tun zamanin Jihar Binuwai da Filato, kuma bai taɓa sa hannu a kan abin da bai bincika ba. Kwamfuta kuwa bai taɓa taɓa ta ba, bai ga dalili ba. A ganinsa, mazambaci ko a takarda ko a gilashi warinsa ɗaya ne.

Asabar ta zagayo, Lukuman ya kawo wata daga shagon intanet. Wannan tana da adireshi a Landan.

"Wa zai je Landan ya gani?" in ji Malam. "Mai gaskiya yana buɗe ofis inda ƙafarka za ta kai."

Ta uku tana da ofis a Jos, amma ribarta rabin uwar kuɗi ce a wata. Malam ya ture ta da bayan hannu. Babu cinikin halal da ke haifar haka, ya ce, biyar cikin ɗari ma an gode Allah. Ta huɗu ba ta da takardar rajista. Ta biyar tana matsa wa mutum ya biya kafin Juma'a, kuma Malam ya tsani gaggawa fiye da ƙarya. Ta shida ba ta bari a gwada da ƙaramin kuɗi tukuna.

Kowace da sunan kamfaninta daban, duk da kusan dukkansu kore ne adonsu. Malam ya ce hatta ɓarayin zamani ba su da basirar sauya launi. Abin yana ba shi haushi: yara masu ilimi sun zauna suna haƙa wa iyayensu rami. Lukuman bai taɓa nuna gajiya ba. Sai dai ya tambaya, ya saurara, ya rubuta.

A farkon daminar 2007 ya kawo ta tara. Malam ya karanta sau uku, ya goge tabarau, ya sake karantawa. Cinikin kuɗin ƙasashen waje ne, ana zuba kuɗi a sayi gurbi, riba huɗu cikin ɗari a wata. Bai yarda da idonsa kaɗai ba. Ranar Litinin ya hau tasi zuwa unguwar Nasarawa Gwom, ya taka bene, ya tarar da allo a ƙofa, takardar rajista a bango, da wata mata a bayan tebur tana amsa waya. Ya sa kaɗan daga aljihunsa don gwaji. Wata ya cika, kuɗin suka dawo da ribarsu.

A taron 'yan fansho na unguwar Daɗin Kowa ya miƙe ya ce ya watsar da takwas, amma wannan ya kasa samun aibinta.

Badung, wanda ya tuƙa shi shekara ashirin a motar ofis, bai daɗe da karɓar kuɗin sallamarsa ba, yana shirin rufin gida kafin ruwa ya yi ƙarfi. "Oga, in kai ka duba, ni me zan duba?" ya ce. Ya zuba duka. Mutum goma sha ɗaya suka bi shi.

Bayan wata biyu Badung ya zo da hantsi, bai ko zauna ba. An cire allon, an garƙame ofishin, wayar ba ta shiga. Bai zagi kowa ba. Ya dai ce, "Oga, ruwa yana zuba a kan matata, Mama Ana," ya juya. Malam ya gwammace a ce Badung ya mare shi.

Lukuman ya tafi Legas saro kaya tun Talata, wayarsa a kashe. Don haka Malam ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya nufi shagon intanet ɗin da ake bugo takardun, ya ga shafin kamfanin da idonsa.

Mai shagon, Nnadozie, ya duba takardar, ya danna na'ura, ya girgiza kai. "Baba, shafin ya mutu. An sauke."

"Sunana Mahdi. Ina son in san 'yan iskan da suka shirya wannan ƙazanta."

Nnadozie ya washe baki, ya miƙo hannu biyu. "Ah, kai ne Baba Mahdi! Oga Lukuman kullum yana yabonka. A wannan kujera ya gina shafin, wata uku. Ya ce duk abin da ka ce babu ran Asabar, ran Litinin sai ya saka shi a shafin."